Lantana Mai Jere da Tele Mai Doro

A Tama, in aka sa ranar auren yarinya, kafin goro ya gama zaga gari an riga an aika wa Lantana. Ba ungozoma ba ce, ba mai kitso ba, ba ta kuma da dukiyar da za a ce ita ake zawarci. Jere take yi. Ita ce ke shiga ɗakin amarya ana gobe za a kai ta, ta tarar da bango huɗu da tulin kaya a ƙasa, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta kori kowa waje ban da masu miƙo mata kaya. In ta buɗe ƙofa da la'asar, gwaggon da ta kawo kwalla shida da hannunta sai ta tsaya tana tantama ko an ƙara mata wasu a hanya.

Ba tsafi take yi ba, ko da yake akwai masu cewa jinin kakanninta na Azna bai gama barinta ba. Kwali ne take lulluɓewa da zane ya zama tudu. Madubi take kafawa bayan kwanoni su ninka kansu. Tasar da ta ɓule, ɓulin ya kalli bango. Abin da ya gaza a aro a maƙwabta, bayan mako biyu ya sulale gida a ƙarƙashin mayafi. Duk sana'ar a kan doka guda take tsaye, wadda kowace mace ta sani tun tana goye: ba a buɗe murfin kwanon amarya. A kalla, a rangaɗa guɗa, a ƙirga da wutsiyar ido in ana so, amma hannu ba ya kai wa murfi. Lantana kan ce, "Ran jere ido ka cin tuwo, ciki shi jira."

Wanda ya san ta da daɗewa ya san inda abin ya samo asali. Daga wani ƙauye ta wajen Ibohamane aka kawo ta Tama, marainiya, da ƙorai uku da tabarma da tukunya guda. Wata mata ta gidan mijin ta leƙa ɗakin, ta dubi gabas ta dubi yamma, ta tambaya da zuciya ɗaya ko sauran kayan na bisa hanya. Matar ta daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙanta, amma har gobe Lantana za ta gaya maka launin zanen da ke jikinta. Kunyar ranar nan ba ta taɓa sakinta ba, kuma ta sa wa ranta babu yarinyar da za a yi wa wannan tambaya in dai tana da hannu.

Mijin nata, Zakariya'u, manomin albasa ne a fadama. Mutum ne mai sanyin magana, wanda in ka nuna masa abu tambayarsa guda ce: yana aiki? Shekara da shekaru suna zaune lafiya saboda shi bai taɓa shiga harkar kwanoni ba, ita ma ba ta taɓa gaya masa ranar da zai dasa iri ba.

Sai ga auren autarsu, Murja. Yaron Hamidu ne, ɗan wani ƙauye bisa tudu bayan Allakaye, mai zuwa bida, wato ci-rani, Abidjan duk shekara. Suna son juna, kowa ya sani, har an gaji da sani. A al'ada uwa ba ta zuwa jeren ɗiyarta, ta bar wa gwaggonni da ƙannenta, ita ta zauna gida tana kunya. Da aka tuna wa Lantana haka sai ta ce ta yi wa ɗiyan gari kaf, ba za ta bar tata a hannun masu jera kwalla kamar ana shanyar tumatir ba. Kunyar ta ajiye ta, in an dawo ta ɗauka.

Matsala daga kafinta ta fito. Wani kafinta a Buza ta ba aikin armuwar, doguwar ma'ajiyar kwanoni mai gilashi, kuma aiki ya yi kyau, sai dai a tsakiya ya bar wani ƙaton gurbi mai zurfi, babu gilashi babu katako. Ta tambaye shi ko katako ne ya ƙare masa. Ya ce a'a, nan tele, akwatin talabijin, ke zama, yanzu haka ake yi. Lantana ta dawo gida da armuwar da ciwon kai. Ta gwada a zuciyarta ta cika gurbin da kwalla, ta gwada da fure, ta gwada da agogon bango. Duk yadda ta juya, ta san matan ƙauyen ango ba makafi ba ne. Za su ga gurbi, su san na mene ne, wata kuma ta tambaya ko tana bisa hanya.

Da aka sayar da albasar farko ta ce wa Zakariya'u ya sa rigarsa ta Juma'a, Madawa za su. Ta auna gurbin da igiyar kaba, ta ƙulla alamar faɗi da ta tsawo da ta zurfi, ta cusa igiyar a lalitarta.

Kusa da tasha aka kwatanta musu rumfar Issa, mai gyaran rediyo da tele, wanda ke sayar da na hannu. Kafin su kai sun wuce wani babban kanti inda aka rataye irin na zamani a bango, shafaffu, masu hoto garau har kana ganin gumin mai karanta labarai. Zakariya'u ya ji kuɗinsu ya ce su ci gaba, rana na yi. Lantana ko kuɗin ba ta tsaya ji ba. Ta leƙa bayan guda ta dawo tana taɓe baki.

"Wagga ai faifai ta, Malam. Ba baya, ba kai. Ina za a aza mata ɗan ƙyalle? Ina hure za shi zamna? Ko kyauta anka ba ni, gurbin na nan wayam."

Rumfar Issa kuwa cike take da irin waɗanda take nema, masu doro, baƙaƙe da ruwan toka, an gibge su har rufi. Issa ya shimfiɗa musu buhu, ya kawo ruwa, ya shiga bayani irin na mai son abin da yake sayarwa. Ya ce hotonsu bai kai na shafaffun nan kaifi ba, wannan ba zai ɓoye ba, amma suna da jimiri. Zafi ba ya kashe su da wuri, in yaro ya jefa cokali gilashin ba ya tsagewa, in kuma sun lalace akwai mai gyara a kowace kasuwa. Ya ce mai saye ya bari a kunna a gabansa, ya jira ta ɗumama, ya dubi kusurwoyi ko akwai wani tabo kore ko shuɗi, ya ga ko fuskar mutum ta fito da launin mutum, ya ƙure murya ya ji ko tana rawa.

Ya ciro wata ƙarama ya jona. Ta yi ɗan ƙara, ta yi jim, sai ga ƴan kokowa biyu sun sunkuya suna zaga juna. Zakariya'u ya gyara zama. Fuskar mutum da launin mutum, kusurwa tas, murya kamar makaɗin na cikin rumfar. Kuɗinta kuma daidai aljihunsu, har da canjin mota.

"To, ga ta," in ji shi. "Tana aiki."

Lantana ta zaro igiyar kaba ta ɗora. Ƙaramar ko rabin ƙulli na farko ba ta kai ba. Ta ce wannan in ta shiga gurbin nan sai an yi cigiyarta. Issa ya nuna mata wata babba mai aiki, igiya ta amince da ita, aljihu ya ƙi. Aka yi ciniki har Zakariya'u ya fara gyangyaɗi, ba a daidaita ba.

Tana shirin miƙewa idonta ya faɗa kan abin da Issa ya ɗora butar shayinsa a kai. Wata ƙatuwa ce baƙa wuluk, mai faffaɗan kai, gilashinta babu ko ƙwarzane, da rubutun azurfa a goshi. Ta sauke butar da kanta, ta ɗora igiya. Faɗi ya yi, tsawo ya yi, zurfi ya yi, kamar kafintan Buza da ita ya auna.

"Inna, wagga ta mutu," in ji Issa. "Tsawa tak kashe ta tun bara. Tebur niy yi da ita."

"Nawa?"

"Inna, cewa niy yi ba ta kamawa. Ko kin kai ta bakin kuran na lantarki, ko tari ba ta yi."

"Ƙauyen da za ta, ɗana, ko waya sai an aika Allakaye ta sha wuta. Wa za ta yi ma tari? Nawa?"

Issa dai ya fita hakkinta. Ya faɗa sau uku, har ya kira maƙwabcinsa mai walda ya zama shaida cewa ya faɗa. Sannan ya sallama mata a kan abin da bai kai kuɗin ƙaramar ba, ya haɗa mata da wata telekomand, abin latsa ta daga nesa, da ita ma ta daɗe da barin duniya. Zakariya'u ya ce araha ba ta ado. Lantana ta ce a hannun wasu ke nan. Abin da ya ragu ta sayi zannuwan gado biyu da furen roba, ta shiga mota tana jin kanta kamar ta ci kasuwar Madawa da yaƙi. A ganinta tele kwalla ce mai gilashi, kuma ba a buɗe murfin kwanon amarya.

Da ta tsaya nan da an rabu lafiya. Amma baki shi ke yanka wuya. Ta goge telen da man gyaɗa har tana ɗaukar ido, ta ajiye ta inda duk mai shigowa aron wuta zai gani. A bakin rijiya, in an tambaye ta shirin biki, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce ai wahala ce, ga tele ma mutum biyu ke ɗaukarta. Labari ya hau tudu ya isa ƙauyen ango, daga can ya shiga waya ya sauka Abidjan. Hamidu ya ji cewa surukarsa ta yi abin da ba a taɓa yi wa wata amarya a garinsu ba. Yaro mai kunya da sanin ya kamata, ya ce ba zai bari ƙoƙarinta ya zauna a duhu ba.

Ranar jere Lantana ta yi aikin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Kwalla bisa kwalla har rufi, madubi a inda ya dace, gado ya yi tudu, armuwar na walƙiya, tele ta zauna a gurbinta daram da ɗan ƙyalle mai ado a ka da fure bisa ƙyallen. Aka buɗe ƙofa. Habsa, uwar ango, ta shigo da matan gari a bayanta. Guɗa ta tashi har awaki suka firgita. Lantana ta tsaya gefe tana cewa ai ba komai, ɗan abin da ya samu ne, zuciyarta kuwa fari ƙal.

Ana cikin haka wata baƙar wayar wuta ta leƙo ta bisa katanga, ta sauko tsakar gida tana jan ciki. Hamidu ne a waje, don ba zai haɗa ido da surukarsa ba, yana turo ta. Habsa ta kama bakin wayar tana murmushi.

"Uwar amarya, yaronku ya ji abin da kunka yi. Gurup yas sawo, injin wuta, sabo cikin kwalinai, da faranti na kama tasha. Ya ce kar ku koma ba ku ga hoto cikin telen da kunka sha wahalatta ba. A jona?"

Lantana ta juya wajen armuwar. Shekarunta nawa tana jere, ba a taɓa samun wanda ya zo da abin buɗe murfi ba. Mata sun riga sun fara zama a ƙasa, suna jawo yara kan cinya. Ta dubi wayar, ta dubi telen, ta ga fuskarta a cikin baƙin gilashin. Sai bakinta, wanda ya jefa ta ramin, ya miƙo mata igiya.

"Subhanallahi, uwar ango! Amarya ba ta shigo ba, ba a sai bakinta ba, kayanta su riga ta magana? Ina anka taɓa yin haka? Ai sai ran da munka kawo gara."

Mata suka dubi juna. Babu wadda ta taɓa jin wannan al'ada, babu kuma wadda ke son a ce ita ce ba ta sani ba. Wata tsohuwa a bakin ƙofa, wadda ba ta taɓa ganin tele a ɗakin amarya ba sai yau, ta gyaɗa kai ta ce ƙwarai kuwa, haka suka taras tun kaka da kakanni. Habsa ta ji kunya, ta ba da haƙuri, ta ce yaran yanzu ne da gaggawa. Waya ta koma ta bisa katanga yadda ta zo.

Jinkirin mako guda kawai ta saya, ba ta sayi komai ba. A mota kowa na yaba mata hikima da riƙon al'ada, ita kuwa tana ƙirga kwanakin da suka rage. Ba sunanta ne ya fi damunta ba, ko da yake shi ma ya dame ta. Murja ce. Ita Lantana za ta dawo Tama, Murja kuwa can za ta zauna, ta ɗebi ruwa a rijiyarsu, ta yi daka da matansu. In aka jona tele gaban gari ta ƙi ko tari, sunan ya kama yarinyar ke nan har ta yi jika: amaryar da aka kawo da mushe.

Da safe, kafin a zo ɗaukar amarya, ta kori ƙawaye ta zauna gaban ɗiyarta. Murja na zaune da lalle a hannu da ƙafa, ba ta iya ko share hawayenta. Lantana ta gaya mata komai, tun daga butar shayi. Murja ta zaro ido, ta yi kamar za ta yi dariya, ta fasa.

"Inna, to ƙaƙa za ni yi?"

"Ke ba ki yin komi. Ba ki san komi ba. Ni niɗ ɗaura, ni ka kwancewa."

Faɗa ce kawai, ba ta san ta inda za ta kwance ba. Zakariya'u ya kira Issa a waya. Ƙaramar an sayar. Babbar mai aiki ma ta tafi, kuma ko tana nan kuɗinta bai sauko ba. Issa ya ce in an kawo masa matacciyar zai iya sa mata sabon kayan ciki ta tashi, ba wani abu ba ne mai wuya. Amma wa zai shiga ɗakin amarya a makon farko ya fito da tele a ka, gari bai tambaya ba? Lantana ta yi addu'ar isansi, man injin, ya yi tsada. Ta yi addu'ar iska ta ɗauke farantin. Ta tuna damina da sauran wata huɗu, ta bar addu'ar tsawa. Zakariya'u kuwa ko sau ɗaya bai ce ai na gaya miki ba, abin da ya fi mata ciwo ke nan. In ta yi tsaki sai ya miƙo mata goro.

Ana gobe gara ta yanke shawara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za ta miƙe gaban mutane kafin a jona, ta ce ita ta saya, ta san matacciya ce, yarinya ba ta da laifi. A yi dariyar a kanta. In daga ranar ba a ƙara aiko mata jere ba, shi ke nan, ta ci rabonta. Tsoro take ji sosai, ta kuma faɗa wa mijinta tana ji.

Ita da matan Tama suka isa da hantsi, da buhunan gero da man shanu da alkaki. Ashe labari ya riga su. Ɗakin amarya ba zai ɗauki jama'ar ba, don haka aka fito da tele tsakar gida aka ɗora a kan tebur, da ƙyallenta da furenta. Mata a tabarma, maza a bakin zaure, yara bisa katanga, har da wani makiyayi da ya bar tumakinsa a hannun Allah. An kafa faranti bisa rufi. Ga gurup ja sabo a gefe, ga galan na isansi. Aka ba Lantana wuri a gaba, kusa da Habsa, Murja na bayanta a lulluɓe.

Hamidu ya shigo ba takalmi, kansa a ƙasa, ya durƙusa daga nesa ya gaida surukarsa ba tare da ya dube ta ba. Ya je ya jona waya. Lantana ta dafa ƙasa za ta miƙe. Sai ta ji an riƙe mata zane ta baya, riƙo mai ƙarfi.

"Inna, zamna," in ji Murja daga cikin mayafi.

Hamidu ya taka gurup da ƙafa ɗaya, ya ja igiya. Inji ya yi gurnani ya yi shiru. Ya sake ja. Ya tofa yawu a tafi ya ja da hannu biyu. Ya cire hula ya ja. Gumi ya jiƙa sabuwar rigarsa ta angwanci. Yara suka fara ƙirga masa da ƙarfi, maza suka fara ba da shawara daga zaure, kowa da tasa, har da mai cewa a karanta masa wani abu a tofa.

Lantana matar mai lambu ce. Ta sha kai wa Zakariya'u fura fadama ta tarar yana tada injin ban ruwa, ta kuma san akwai wani ɗan makulli a ƙarƙashin tanki da ake murɗawa kafin a ja, in ba haka ba ko shekara za a yi ana ja. Ta sunkuyar da kai ta leƙa. Makullin na nan a gicciye, a rufe. Ta buɗe baki, ta tuna ba a yi wa suruki magana kai tsaye, kuma in injin ya tashi ita ce za ta faɗi. Tana cikin wannan sai wani abokin ango mai moto, wato babur, ya taso yana cewa, "Kai Hamidu, ka ko buɗe..." ya miƙa hannu wajen tankin. Hamidu ya matsa gwiwarsa ta rufe wurin, ya ture hannun, ya ce a bar masa kayansa, shi ya san inda ya saye shi. Ya ci gaba da ja.

Nan ta gane. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana juya ɓuli ya kalli bango ba ya rasa gane mai yin haka.

Dariya ta ɓarke. Wani ya ce an sayar masa da kwali a Abidjan. Wani ya ce injin ya saba da iskar teku, ta Adar ta shaƙe shi. Kafin a jima yara sun fara kiransa Hamidu Gurup, kuma duk wanda ya san ƙauye ya san sunan ya zauna ke nan. Habsa ta rufe fuska da gyale tana cewa wannan yaro ya kunyata ta gaban baƙi. Shi kuwa ya saki igiya, ya share gumi, ya yi magana yana kallon ƙasa. Ya ce laifinsa ne, bai gwada ba ya ɗauko. Gobe zai kai injin Madawa a duba, kuma zai tafi da telen, mai gyara ya daidaita ƙarfinsu, don kar inji mai ciwo ya ƙona kayan da Inna ta sha wahala a kai. Maza suka ce wannan magana ce ta hankali, ita ce ta farko da ya yi yau.

Murja ta matso bakinta kusa da kunnen uwarta. "Da yas sai baki, ita ta maganad da nif fara yi mai."

Habsa ta juyo tana ta ba da haƙuri, tana cewa an tara su an ba su kunya, ga tele lafiyayya an rasa abin kunna ta. Duk matan suka zuba wa Lantana ido su ji me uwar amarya za ta ce. Maganar da ta kwana tana shiryawa na nan a bakinta. Ta dubi yaron, yana naɗe waya, kunnuwansa na jin dariyar da ake yi masa. In ta faɗi gaskiya yanzu, gumin nan ya tafi a banza.

"Ba komi, uwar ango," ta ce. "Kar ku yi mai hwaɗa. Yaro na. Inji sai a hankali."

Matan suka ce kai, wannan baiwar Allah akwai haƙuri, har idonta ya kawo ruwa don tausayin suruki.

Da la'asar ta iso Tama. Zakariya'u na zaune a ƙofar gida, ya kasa zuwa fadama tun safe. Ya dubi fuskarta bai iya karanta komai ba. Ba ta tsaya ba, ta wuce bayan ɗaki inda take turke, ta kwance ƙaton bunsurun da take kiwo tun bara, wanda dillalai suka yi ta zarya a kansa tana korarsu. Ta jawo shi ta miƙa wa mijinta igiyar.

"Gobe da sahe ka kai ma yaron ga, Malam."

"Na mi?"

Ta share ido da bakin gyale. "In an tambaye ka, ka ce gudummawa ta, ta gyaran gurup."